AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Daga Bankok Zuwa Dutsen Dala

Kamar yadda muka saba, amsar da muka bayar a rediyo ita muke bugawa a nan, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi ji ya samu ya karanta, ko ya sa yaro ya karanta masa bayan sallar isha'i.

TAMBAYA: Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari, ta wajen bakin Titin Ibrahim Taiwo a Fagge. Ya ce shi mutumin ƙasar Bichi ne, kuma har gobe da damina yakan koma gida ya duba gonarsa. Ya ce ya je sarin kaya birnin Bankok na ƙasar Tailan, ranar da suke jiran a ɗaure musu kaya sai mai masaukinsu ya zaga da su gari. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ya ga Turawa da mutanen Sin sun yi dogon layi cikin rana suna biyan kuɗi don su shiga gidan sarki, da ɗakunan bautar mutanen ƙasar, da gidan ajiye kayan tarihi, har kasuwa ma kallonta suke zuwa yi. To yana son a ba shi tarihin wuraren nan, sannan yana tambaya, shin mu a nan muna da abin da baƙo zai taso daga ƙasarsu ya biya kuɗi ya gani?

AMSA: To madalla, Alhaji, mun gode, Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka. Bari mu fara da can inda ka je, sannan mu dawo gida, don a gida maganar take.

Ƙasar Tailan dai tana kudu maso gabashin nahiyar Asiya. Manoma da 'yan kasuwarmu sun san sunanta tun ba yau ba a jikin buhun shinkafa. Da can sunanta Siyam, a shekarar 1939 aka sauya mata suna. Ita kaɗai ce a yankin nan nasu Turawa ba su yi wa mulkin mallaka ba. Tsohon babban birninsu sunansa Ayutaya, an kafa shi wajen shekarar 1350, ya yi shekara ɗari huɗu da 'yan kai yana cin zamaninsa, har 1767 da rundunar ƙasar Bama ta ci shi da yaƙi ta ƙone shi. Bayan wannan rushewa ne, a shekarar 1782, Sarki Rama na Ɗaya ya mai da Bankok babban birni, ya kuma soma gina fadar nan da ka ga ana yi wa layi. Sarakunansu sun daɗe da daina kwana a cikinta, sai dai bukukuwan sarauta. Ɗan ƙasa kyauta yake shiga, baƙo kuwa sai ya yanki tikiti.

Ɗakunan bautar da ka gani kuwa, su suna kiran kowanne "wat". Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, wani mutum da ya rayu a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Akwai kuma Musulmi masu yawa, musamman a kudancin ƙasar. A cikin fadar akwai wani mutum-mutumin Buda na koren dutse, tsawonsa ƙafa biyu ne da ɗan ɗoriya, amma ba abin da suke girmamawa kamarsa, har sarki ne ke sauya masa tufafi sau uku a shekara, da bazara da damina da lokacin sanyi. Kusa da fadar akwai Wat Fo, inda wani mutum-mutumin yake kwance, tsawonsa mita 46, wato wajen ƙafa 150. Gidan tarihinsu na ƙasa Sarki Rama na Biyar ne ya kafa shi a 1874. Kasuwar da baƙi suka fi zuwa kallo kuma, Catucak, rumfunanta sun kai 15,000. A shekarar 2019 baƙi kusan miliyan 40 ne suka shiga ƙasar. Ka lissafa, Alhaji, kowannensu zai ci abinci, ya kama ɗaki, ya hau mota, ya yi tsaraba. Shi ya sa ka ga suna lallaɓa wuraren nan kamar ƙwai. Ko kai waye, in za ka shiga sai ka tuɓe takalmi a inda aka ce a tuɓe, ka kuma rufe jikinka.

Yanzu sai kashi na biyu na tambayarka. Amsa ita ce, ƙwarai kuwa muna da su, kuma ba sai ka hau jirgi ba. Daga ƙofar shagonka zuwa kan Dutsen Dala tafiya ce ta wuni guda a ƙasa, har da tsayawa sallah da cin abinci. Daɗin abin kuma, duk inda ka ƙara gaba, baya kake komawa cikin tarihi. To, ɗaura takalminka mu tafi, jama'a ku biyo mu.

Mu fara da titin da kake kai. Mutane da yawa suna faɗin Ibrahim Taiwo kullum ba su san ko wane ne ba. Kanar Ibrahim Taiwo shi ne gwamnan soja na Jihar Kwara, an kashe shi ran Juma'a 13 ga watan Fabrairu 1976, a yunƙurin juyin mulkin Dimka, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a Ikko. Ka ga ashe allon sunan titi ma darasi ne.

In ka waiwaya wajen tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, ka koma baya da shekara sittin da wani abu daga nan. A 1911 dogo ya iso Kano, a 1912 aka soma jigilar kaya. Turawa auduga suka sa rai manoma za su noma musu don masaƙun Ingila. Amma manomin Kano ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi riba, ga ta kuma abinci in fari ya zo, sai ya juya ga gyaɗa. Daga nan fatake irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shiga sayenta, har aka wayi gari ana jera buhuna ana yin dalar gyaɗa. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Kwarori kuma, wato mutanen Labanon da Siriya, suka buɗe kantunan yadi a Fagge ta Kudu, nan yankin da Kantin Kwari take a yau. Ita kanta Fagge ta girmi duk wannan nesa ba kusa ba. Zango ce ta Buzaye da sauran fataken sahara, nan ayari kan sauke raƙuma a bayan ganuwa, su kawo gishiri da kanwa da dabino, su koma da baƙin yadi da hatsi. Wato Alhaji, inda kake auna yadi yau, an yi ɗaruruwan shekaru ana ciniki da baƙo a wurin.

Daga nan sai mu tsallaka ta filin Idi mu nufi Ƙofar Mata. A nan ya kamata a ce ka ga ganuwa ta tare maka gabas da yamma. Littafin nan na Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani Bature Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya nuna Sarki Gijimasu ne ya soma ginin ganuwa, shi kuwa bisa lissafin masana ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Lokacin da Turawa suka zo, Gwamna Lugga ya rubuta wa Ingila cewa kewayenta mil 11 ne, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40, ya ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Ƙofofinta a lokacin 13 ne: Nasarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa da Ɗan Agundi. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo daga baya aka huda su. Ku tuna fa, babu tifa babu katafila a zamanin nan. Da kwando da hannu aka tara ƙasar nan.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka iso. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin. Suka yi ta harba igwa, bangon bai ko gezau ba, sai ƙofa suka samu suka fasa, suka shiga ta Kabuga. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Da ka shiga Ƙofar Mata, ga karofi nan. Allon da ke bakin wurin ya ce an kafa shi a 1498. Rijiyoyi ne masu zurfi, a zuba ruwa da toka da baba da katsi, a bar su su yi kwanaki har ruwan ya nuna, sannan marini ya riƙa tsoma yadi yana ɗagawa iska ta buge shi, yana sake tsomawa, har ya yi baƙin da ake so. Daga nan sai wajen 'yan bugu, su sa masa shuni su buge shi har ya riƙa ƙyalli. Wani Bajamushe, Dokta Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya ƙiyasta mazauna birni 30,000, ya ce da rani lokacin fatauci sukan ninka. Ya ce tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus ake kai su, ya kuma ƙiyasta kuɗinsu wuri miliyan 300 a shekara. To wa ke noma audugar, wa ke noma baban? Kakanninku ne, jama'ar karkara. Matan ƙauye su yi kaɗi, masaƙa su saƙa, marinan Kura da Bunkure da sauran garuruwa su rina. Yau kuwa yawancin rijiyoyin Ƙofar Mata sun bushe, 'yan kaɗan ake aiki da su, mu kuma muna hawa jirgi mu je Asiya sarin yadi. Ba laifi na ɗora maka ba, Alhaji, kasuwa ce ta juya. Amma abin a yi tunani ne.

Mu ƙara gaba, mu wuce Asibitin Murtala, ga Babban Masallacin Juma'a, wanda Sarki Abdullahi Bayero ya sake ginawa aka gama a farkon shekarun 1950. Bayansa kuma ga abin da ka tambaya, gidan sarki. Gidan Rumfa ake ce masa, don Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina shi, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. To yi lissafi da kanka. Fadar Bankok 1782 aka soma ta. Ashe ke nan Gidan Rumfa ya girme ta da kimanin shekara 300. Faɗinsa ya kai eka 33, gari ne guda a cikin gari, da Ƙofar Kudu da Ƙofar Kwaru da Ƙofar Fatalwa. Sarakunan Haɓe sun zauna a ciki har jihadi ya kawar da Alwali, Fulani suka gaje shi, daga Sulaimanu zuwa Ibrahim Dabo da zuriyarsa. A ciki akwai soraye masu ɗaurin guga da zanen magina, akwai kuma Soron Ingila, wanda aka gina zamanin Abdullahi Bayero, sarkin da ya ziyarci Ingila a 1934. Sai dai shi gida ne na iyali, ba kamar na Bankok ba, saboda haka baƙo iyakarsa inda aka yi masa izini.

Shi Rumfa ba gida kaɗai ya bari ba. Shi ya kafa majalisar nan da ake kira Tara ta Kano, a zamaninsa aka soma busa kakaki, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka wajen 1492 ya rubuta masa littafi kan yadda sarki zai riƙe talakawa da adalci. Hawan Sallah da muke kallo, da Hawan Daushe da na Nasarawa da na Ɗorayi da na Fanisau, a watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke ji da su. Abin takaici, a wannan shekarar ce kuma aka hana hawa da Babbar Sallah saboda rikicin sarauta. Allah Ya daidaita tsakanin manyanmu.

'Yan taku kaɗan daga Ƙofar Kudu sai Gidan Makama, shi ne gidan tarihinmu. Ginin shi ma na zamanin Rumfa ne, bakin magabata ya ce a nan ya zauna kafin ya koma sabuwar fada. Turawa sun yi ofis a ciki bayan 1903, yanzu kuma yana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. A nan zan tona wa kaina asiri, jama'a. Kafin in shiga aikin rediyo malamin firamare ne ni. Na yi shekaru ina rubuta sunayen sarakunan Kano a allo, yara suna haddacewa kamar karatun aku, ni kuwa ban taɓa leƙa gidan nan ba, alhali kullum ta ƙofarsa nake wucewa a kan keke. Ranar da na kai 'yan ajina, wani yaro ya tsaya gaban tsohon ƙyauren ƙofar gari, ya sa hannu ya shafa ƙarfen, ya ce da ni, ashe Malam da gaske ne an yi yaƙin? Wallahi kunya ta kama ni. Abin da na kasa koya masa a zango uku, ƙyaure ya koya masa a minti ɗaya. Gani ya kori ji. A ciki za ka ga sulke da lifidi, da baka da kibiya, da hotunan sarakuna, da kayan sana'o'i, da ɗakin amarya irin na da. Ka ɗaga kai kuma ka dubi rufin, ka ga yadda aka ɗaure azara ba ƙusa ba siminti, ga sanyi kamar an sa fanka.

Daga nan mu juya arewa mu gangara Kurmi, wajen Jakara. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta. Kai da kake ɗan kasuwa, saurari wannan. Wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa ya sami kasuwar a tsare, kowane kaya da layinsa, ga Sarkin Kasuwa yana kula da haya da farashi. Har laimar Ingila ya samu ya saya a ciki, wadda ta ƙetaro sahara a bayan raƙumi. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne, in mutum ya sayi riga a Kurmi ya kai ta har Barno, ya kwance ya ga algus, sai ya mayar da ita, don sunan dillali yana rubuce cikin ƙunshin, kuma dole a nemo mai kaya ya biya. Kun ji amana, shekara 200 da suka wuce. Jar fatar akuyarmu ma da ayari ke kaiwa arewa, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don a can suke sayenta. Gaskiya kuma ɗaya ce, ba za mu ɓoye ba, a kasuwar nan an sayar da bayi, har zuwan Turawa. Tarihi ba ya zaɓen mai daɗi kaɗai. Yau in ka shiga lungunan Kurmi za ka sami dukawa da 'yan sirdi da masu kayan doki, da 'yan koli da masu hula da masu littattafai. Duk Baturen da ya taɓa zuwa Kano yawon buɗe ido, da wuya ya koma bai yi tsaraba a nan ba.

Zango na ƙarshe shi ne Dala. An yi matakala, ka hau a hankali, kar ka manta da ruwan sha. Masu binciken ƙasa sun sami alamar an narka tama a wajen dutsen nan tun ƙarni na 7, wato shekara 1,300 da wani abu. Tarihin Kano ya ce a nan Barbushe ya zauna, daga zuriyar Dala, ƙaton mutum maharbin giwa, shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani. Wurin bautar itaciya ce da aka kewaye da bango, ba mai shiga sai shi. Jama'a kan taru da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya shiga ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Bagauda ya zo ya zama sarki na farko a 999. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya fasa wurin bautar. Zamanin Sarki Yaji kuma, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, aka tsai da sallah. Ka lura, Alhaji, lokacin da ake aza harsashin Ayutaya a can, a nan Yaji ne ke kan gado, Kano kuwa ta riga ta yi sarakuna goma kafin shi.

Na san wani zai ce, me ya kai Musulmi kallon wurin tsafi, nan ko Bankok? To kallo daban, bauta daban. Wanda ya hau Dala ya ga inda aka yi Tsumburbura, ya juya ya ga hasumiyoyin masallatai ko ta ina har iyakar ganinsa, ai godiya zai ƙara yi wa Allah. Kufai ma wa'azi ne.

To tunda muna kan dutse, dubi ƙasa ka nemo mini ganuwar nan mai mil 11. Sai ka yi da gaske za ka hango guntayenta nan da can. Ga maganar da na ce ku riƙe. Ayutaya abokan gaba ne suka ƙone ta, jikokin masu ita suka share kufan, suka kewaye, suka sa masu gadi, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, yau yana ciyar da dubban gidaje. Mu kuwa tamu igwar Nasara ta kasa ta, mu muka ci ta da hannunmu. Wannan ya ɗebi ƙasa ya yi tubali, wancan ya yanki fili ya kafa gida, wani ya mai da gindinta juji, ruwan sama ya ƙarasa sauran, don an daina yaɓen da ake yi mata a da. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka gina sabuwa. A Nijeriya, Sukur ta Jihar Adamawa ta shiga jerin UNESCO a 1999, kurmin Osun na Oshogbo ya shiga a 2005. Ganuwar Kano da Dala da Kurmi da gidan sarki an rubuta su a jerin masu jira a 2007. Mai jira kuwa in kayansa suna zubewa kullum, me zai nuna ranar da aka kira shi?

Kada mutanen karkara su ce wannan maganar 'yan birni ce. Katsina na da hasumiyar Gobarau, Daura na da rijiyar Kusugu, Sakkwato na da Hubbaren Shehu, Argungu na da gidan tarihin Kanta, Zariya na da ganuwarta. Ƙauyuka da yawa kuma suna da tasu tsohuwar ganuwa, ko kufai, ko marina da ta cike, ko kukar da aka kafa gari a gindinta. Roƙona gare ku uku ne. Na ɗaya, in kuna huɗa garma ta tono tukunya ko wani abin da, kada ku fasa, ku sanar da dagaci. Na biyu, takobin kaka da kundinsa da tsohuwar rigar saƙi da ke cikin adaka, kada ku sayar wa dillalan da ke yawo ƙauye-ƙauye. Kuɗin kwana biyu ne, kayan kuwa in sun ƙetare teku sun tafi ke nan. Na uku, in akwai dattijo a garinku da ya san asalin gari, ku sa ɗan makaranta ya zauna da shi ya rubuta, ko ya ɗauki muryarsa a waya, tun yana da rai.

Kai kuma Alhaji, ga shawarata. Ranar da kasuwa ta yi sanyi, bar wa yaronka shago, ka ɗebo 'ya'yanka har da na ƙauye in sun zo hutu, ku bi hanyar nan da muka bi. Kuɗin shiga Gidan Makama bai kai abin da ka kashe a tasi ɗaya a Bankok ba. A karofi ka sayi ko ɗan ƙyalle ne, don marini ya san ana so. In kuma Allah Ya kawo maka abokin cinikinka na Tailan ko na Sin Kano, kada ka bar shi a otal yana kallon talabijin. Yadda mai masaukinka ya zaga da kai, kai ma ka zaga da shi, ka hau da shi Dala, ka gaya masa shekarun Gidan Rumfa, ka ga yadda zai riƙe baki. Baƙo ba ya girmama abin da mai gida ya raina.

Da fatan ka gamsu. Sauran waɗanda suka aiko da tambayoyi, musamman mai tambaya kan tarihin kuɗin wuri da ahu da sisi, ku ƙara haƙuri, muna tafe. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Ku huta lafiya.